Ƙafar da na ɗaure

Ni ban tashi da son kyanwa ba. A gidanmu na Damagaram in mussa ta leƙo tsakar gida takalmi ake wurga mata, kakata kuwa har tofi take yi, tana cewa ba a san wanda ke cikin fatarta ba. Da wannan na girma, da shi kuma na zo Sabha, can ƙasar Larabawa.

Ina cikin shekarata ta biyu a garin abin ya faru. Muna haya a unguwar Sukra, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a bayan gidan wata dattijuwa Balarabiya da kowa ke ce wa Hajja. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana jigilar taliya da man girki da katifu daga Sabha zuwa Agadas. In ya tafi yakan yi kwana ashirin, wani zubin ya fi. Yaranmu biyu suna gida wajen innata saboda lakwal, wato makaranta. Ni kuma da safe nakan toya ƙosai da fanke, leburori ƴan ƙasarmu su tsaya bakin ƙofa su karya kafin su wuce wajen gini. Ban cika fita ba. Larabcina bai wuce na gaisuwa da cefane ba, takarduna kuma ba su cika ba.

Tsakiyar sanyi ne, irin sanyin Sabha da ruwan da ya kwana a waje hannu ba ya iya taɓa shi da safe. Saura kwana ɗaya maigida ya kama hanya, ya fita da sassafe don ya tada mota ta yi ɗumi. Ina gaban kasko na ji injin ya tashi, sai wata ƙara siririya ta biyo baya, sai injin ya mutu. Can sai ga shi ya shigo kansa babu rawani. Rawanin yana hannunsa a dunƙule, jini ya jiƙa gefe guda.

Na ce, "Subhanallahi! Maigida, me ya same ka?"

Ya ce, "Ba ni ba ne."

Ya buɗe rawanin. Ƴar kyanwa ce mai ruwan toka, ba ta fi tafin hannunsa biyu ba. Sanyi ya kora ta cikin injin ta kwana, da ya murza makulli fanka ta kama ƙafarta ta baya. Fatar ta zazzage daga cinya zuwa ƙasa, ƙafar tana reto. Ba ta ma kuka, baki kawai take buɗewa.

"Kullum sai na bubbuga murfin mota kafin in tada," in ji shi. "Kullum. Yau na manta."

Na ce masa ya kai ta bayan gari ya aje, Allah da ya halicce ta ya san yadda zai yi da ita. Ya sa takalmi ya fita da ita, ƙosaina na ƙonewa a kasko.

Sai azahar ya dawo, da kwalin taliya a hammata. Ya ce ya kai ta wajen baitari, wato likitan dabbobi, wanda ke duba tumaki da raƙuma kusa da kasuwar bisashe. Mutumin ya yi mata pikiri, wato allura, ya wanke ciwon ya ɗinke, ya ɗora ƙashin da ɗan siririn katako, ya naɗe ƙafar da farin bandeji har yatsu kawai ake gani. Maigida ya aje kwalin a kusurwar ɗakinmu, ya jera mini kwalbar magani da sirinji marar allura a kan taga.

"Safe da yamma, zuwa wannan layin. Kar ki bari ta lashi wurin. Kar ya jiƙe. Bayan mako Hajja za ta sa a maida ta, na yi mata magana."

Na ce, "Ni ka bar wa?"

Ya ce, "Ki yi don Allah. Ni na yi mata wannan."

Washegari ya tafi. Kafin ya hau mota na gan shi ta ƙofa yana bubbuga murfin da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya sake bubbugawa.

Ranar farko da tsumma nake kama ta, don kar fatata ta taɓa tata. Magani kuwa rabinsa a zanena ya ƙare. In na sa mata sirinji a baki sai ta juya kai, ta yi kumfa, ta dube ni da idanu kamar ni na sa ta a injin. Abinci ta ƙi. Na zuba madara a murfin gwangwani, ta sansana ta kau da kai.

Hajja ce ta shigo ta same ni ina fama. Ta kai shekara saba'in, gajera ce mai lalle a tafin hannu, tana jin Hausa saboda marigayi mijinta fataucin Agadas ya yi har ya tsufa, gidansu kuma bai taɓa rabuwa da baƙi Hausawa ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a bakinta.

"Binti, ba haka ba," in ji ta, don haka take kirana, wato ƴata. "Kai naɗe shi cikin tawul, kai kama nan bayan wuya. Magani a gefen baki, kaɗan kaɗan. Madara babu kyau, yana sa shi zawo. Kawo tuna."

Ta aika aka kawo gwangwanin kifi daga ɗakinta, ta tsiyaye man, ta murmushe naman da ruwan ɗumi, ta lakata a yatsa ta shafa wa kyanwar a hanci. Kyanwa ta lashe don ta share hancinta, ta sake lashewa, sai ga shi tana bin yatsan. Hajja ta kuma nuna mini in cika butali, wato kwalba, da ruwan zafi in naɗe da tsohon zane in sa a kwalin, saboda wuta takan ɗauke, ɗakin kuma siminti ne. Wani daga cikin masu sayen ƙosaina ya ɗebo mini yashi daga wurin gininsu, na zuba a tsohon faranti don ta riƙa zagayawa.

Ban san ranar da na daina sa tsumma ba. Na dai san a rana ta uku da hannuna na ɗauke ta, na ji zuciyarta tana bugawa a tafina da sauri kamar ta ɗan tsako, na ji kuma yadda ƙasusuwanta suke a fili. Ta fara cin abinci. In na shigo ɗakin takan ɗaga kai ta yi ɗan kuka. Gidan da maigida ke bari shiru in ya tafi, sai ga shi da abin da ke jiran in shigo.

A ranar ta uku ɗin ne da la'asar ta yi ƙoƙarin fitowa daga kwali, ta faɗa cikin kwanon ruwanta. Bandejin ya jiƙe sharkaf. Na tuna an ce kar ya jiƙe. Hajja ta tafi Samnu wajen ƴarta da ke aure can, sai jibi za ta dawo. Wayar maigida ba ta shiga, ya riga ya yi nisa cikin sahara inda babu rezo. Na tsaya ina kallon ƙafar, na ce a raina ai wannan ba wani abu ba ne. Sau nawa na ga babana yana ɗora ƙafar akuya?

Na warware jiƙaƙƙen bandejin a hankali. Ɗinkin yana nan lafiya, wurin ya yi ja amma babu ruwa. Na yage sabon farin ƙyalle da na aje don ɗankwali, na tafasa shi, na shanya a rana ya bushe, na maida katakon yadda na same shi, na naɗe. Da na gama sai na ga yana zamewa in ta motsa. Na kwance na sake naɗewa, wannan karon na ja sosai, na ƙulle da kyau don kar ya sake kwancewa. Ta yi kuka, na ce mata yi haƙuri, don lafiyarki ne. Na koma bakin aikina ina jin daɗin kaina.

Washegari ba ta ci da yawa ba, tana ta cizon ƙyallen. Na ɗauka ƙaiƙayin warkewa ne, na riƙa ture mata baki. Rana ta biyar ta ƙi ci gaba ɗaya. Ta kwanta jikin butalin, jikinta zafi rau, idanu a lumshe. Da na sunkuya sai na ji wani wari kaɗan. Na taɓa yatsun da ke leƙowa daga ƙyallen, na ji sun kumbura, sun yi sanyi kamar ba a jikinta suke ba.

Da hantsi Hajja ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba na jawo ta. Ta duba, ta sansana, ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ce, Hajja. Ya jiƙe ne."

Ta kira wani maƙwabcinmu mai taksi, ta ce in ɗauko hijabi. Na ce mata ina tsoron bawwaba, wato shingen da ake tsayar da motoci a duba takardu. Ta ce, "Kai zauna kusa da ni, kai riƙe kwali, kai yi shiru. Wanda ya tambaya, ni zan amsa." Haka muka ratsa gari, ina rungume da kwalin a cinya. An tsayar da mu sau ɗaya, sojan ya leƙo ya ga tsohuwa da kyanwa, ya ɗaga hannu muka wuce.

Wurin baitarin shago ne mai ɗaki biyu, yana warin magani da na tumaki. Dogon mutum ne mai furfura a gemu. Ya gane kyanwar tun kafin a yi masa bayani. Ya sa almakashi ya yanke ƙyallena, na ga shatar da ya bari a naman kamar an ɗaure da igiya. Daga nan zuwa ƙasa ƙafar ta yi baƙi. Ya matsa yatsun da ƙarfi, kyanwa ba ta ko motsa ba.

Ya yi magana mai tsawo da Larabci, muryarsa ba ta tashi ba amma na san faɗa ne. Hajja ta juya mini.

"Ya ce ɗauri ya yi tsanani, jini bai wuce ba. Ƙafa ya mutu. Ya ce ya gaya wa mijinka, in ya jiƙe kar a taɓa, a kawo masa. Kuma kullum a duba yatsu, in ya yi sanyi a zo da gudu."

Na ce, "Wallahi bai faɗa mini haka ba."

Hajja ba ta juya masa wannan ba. Ta ce, "Ya ce abu biyu ne. Ko a yanke ƙafa daga sama, ko a yi masa allura ya huta. In an bari haka, kwana biyu ya mutu da wahala. Ya ce kai zaɓa."

Na tambaya ko kyanwa tana rayuwa da ƙafa uku. Baitarin ya ce tana rayuwa, in ta tsallake makon farko, kuma in wanda ke jinyarta ya yi abin da aka ce kawai, ba abin da ya ga dama ba. Wannan Hajja ta juya mini shi kalma kalma. Na ce a yanke.

Muka zauna a benci a waje, cikin rana, kusa da wani mutum da ya kawo tunkiya mai tari. Hawaye suna zuba ina sharewa da bakin hijabi, ina jin kunyar a ce kan kyanwa nake kuka. Hajja ba ta lallashe ni ba. Carbinta kawai take ja. Can ta ce, "Kai yi don alheri, Allah ya sani. Amma ƙafa ya tafi. Yanzu kai riƙe sauran."

Jinya ta biyu ta fi ta farko wuya. An aske mata gashin ɗuwawu, ɗinki baƙi ya bi inda cinyar take a da. Baitarin ya yanka gorar roba ya yi mata wani abu kamar mazurari a wuya don kar bakinta ya kai wurin. Ya ba da magani iri biyu da ruwan wanke ciwo mai launin ja. Wannan karon na sa Hajja ta tambaye shi komai sau biyu, na kuma maimaita da bakina a gabansa har ya gyaɗa kai.

Kwana biyu ba ta ɗaga kai ba. Da sirinji nake ɗiga mata ruwa da romon kaza a gefen baki, ina ƙirga haɗiyarta. Na daina toya fanke, na bar ƙosai kawai don in gama da wuri. Leburorin suka tambaya ko lafiya, na ce ina da marar lafiya a ɗaki. Da suka ji ko wace ce, wasu suka yi dariya. Wani dattijo mutumin Tawa da ke aikin kwaɓa siminti bai yi ba. Ya ce, "Allah ya ba ki ladan jinya," kamar yadda ake ce wa mai jinyar mutum. Ban iya amsa masa da kyau ba, don shi bai san wanda ya jawo ba.

Safe da yamma ina wanke ɗinkin da auduga, ina duba ko ya yi ruwa, ina sansanawa. In na ga ɗan ja sai in ruga in kira Hajja, ita kuma ta zo da sandarta ta duba ta ce ba komai. A rana ta uku kyanwar ta lashi kifi daga yatsana. A ta biyar ta miƙe, ta yi taku ɗaya ta kife ta gefen da babu ƙafa. Ta sake miƙewa ta sake kifewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in kunnenta na wannan gefen ya yi ƙaiƙayi. Sai ta karkata kai, kututturen cinyar ya riƙa motsi shi kaɗai, tana susa da ƙafar da babu. Nakan sa yatsa in sosa mata.

Maigida ya kira daga Dirku da ya samu rezo. Bayan gaisuwa da tambayar yara, ya ce, "Ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi. Tana cin abinci."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin cire mini wani abu daga ƙirji."

Ya sake kira daga Agadas, na sake ce masa da sauƙi. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da nake yi. Wani lokacin in na tuna maganar baitarin sai haushinsa ya kama ni, in ce da ya faɗa mini duka da ba a kai nan ba. Sai kuma in tuna hannuna ne ya ja ƙyallen, ina jin kukanta na ƙara ja.

Bayan kwana goma sha biyu aka cire ɗinki, aka cire robar wuyan. Ta wuni tana lasar jikinta. Ta koyi tafiya tana ɗan tsalle, jela a karkace don ta daidaita kanta. Kafin maigida ya dawo har tana bin ƙudaje a tsakar gida, tana faɗuwa tana tashi.

Ya iso da yamma, kwana ashirin da huɗu da tafiyarsa, ya rame, leɓɓansa sun tsattsage. Na kai masa ruwa, ya zauna a tabarma yana kwance takalmi, sai ga ta ta fito daga ɗaki da tsallenta. Ya bi ta da ido har ta iso bakin tabarmar.

"Ashe fankar ta cinye ƙafar," in ji shi a hankali. "Na ɗauka za ta tsira. Allah ka yafe mini."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Hajja ba mai kai magana ba ce, shi kuma ba zai koma wajen baitarin ya tambaya ba. Na tsuguna a gefen tabarmar na ce, "Maigida, ba fanka ba ce. Ƙafar tana warkewa. Ni na ɗaure ta da ƙarfi har ta mutu." Na ba shi labari tun daga kwanon ruwa har bencin baitari. Abin da likitan ya ce game da shi ne kawai na bari.

Ya saurara har na gama. Ya sunkuyar da kai yana murza goshinsa. Can ya ce, "Yatsun. Ya ce mini a riƙa taɓa yatsun. Ya ce in ya jiƙe a kawo masa." Ya ɗago. "Na faɗa miki?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Hankalina yana kan hanya."

Ya miƙa hannu, kyanwar ta sansana yatsunsa da ke warin gazuwal, man mota, ta ja da baya ta zo ta raɓe a bayan ƙafata. Aka kira magariba, ya tashi ya ɗauki buta.

Shekara huɗu ta yi tare da mu. Ba ta taɓa iya hawa katanga ba, don haka duniyarta ba ta wuce tsakar gidanmu da na Hajja ba, ta ƙofar da ke tsakaninmu. Ta yi ƙiba, ta iya kamun ƙadangare. Hajja ta rasu a shekara ta uku, bayan gajeruwar rashin lafiya, ina cikin matan da suka zauna da ƴarta kwanakin makoki. Da muka tashi komawa gida gaba ɗaya na so in tafi da kyanwar, maigida ya ce kwana shida a bayan kamiyo cikin rana ba za ta kai ba, na kuma san gaskiya ya faɗa. Ƴar Hajja ta zo ta ɗauke ta zuwa gonarsu a Samnu. Na haɗa mata kwanonta da tsohon zanen da take kwana a kai, na yi ta yi wa matar bayanin abin da take ci da abin da ba ta ci, har mijinta ya danna odar mota a waje.

Bayan mun iso Damagaram ta aiko mini da hoto sau ɗaya. Kyanwar tana kwance a gindin dabino kusa da hanyar ruwa, ta juya wa mai ɗaukar hoton baya. Daga baya lambar ta daina shiga, ban kuma samu wanda zai nemo mini wata ba.